Haruffa masu ƙugiya sun dagule bayan na ɗora shafina, kuma yana nauyin buɗewa

Ɗan Mabera:

Assalamu alaikum. Jama'a, a taimaka mini da shawara.

Shafi ne ɗan ƙarami na farashin kayan gona a kasuwannin Sakkwato, albasa da gero da wake da shinkafa, sai ɗan labaran unguwa. Da harshen PHP da rumbun bayanai na MySQL na gina shi a kan XAMPP, manhajar gwada shafi a kwamfutar mutum, ba WordPress ba ne. A kwamfutata komai tsaf yake fitowa. Na fitar da rumbun bayanan ta phpMyAdmin na ɗora a masaukin shafi (hosting) da na kama a intanet, sai abubuwa uku suka taso.

Na farko, tsofaffin rubuce-rubuce sun dagule: ƙasa ta koma Æ™asa, ɗari ya koma É—ari, ɓawo ya koma É“awo. Sababbin da na shigar bayan ɗorawa kuwa alamar tambaya ce ke maye gurbin harafin, ?asa, ?ari. Na biyu, a kanun shafi inda na rubuta Hausar kai tsaye cikin fayil, haruffan na fitowa, amma ɗ da ɓ sun fi sauran siranta kamar ba uwarsu ɗaya ba. Na uku, masu karatu daga Wurno da Illela na cewa shafin farko ba ya ƙarasa buɗewa sai data ta tafi. Na riga na sa `<meta charset="utf-8">` a kowane shafi. Ta ina zan fara?

Malamin Runjin Sambo:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka taɓa komai cikin rumbun nan sai ka fitar da kwafin ajiya, ka sauke shi a kwamfutarka, ka sa mai kwanan wata. Gyaran da zan gaya maka in anka yi shi baibai ba ya warwaruwa.

Alamun nan biyu da ka gani, Æ™ da ?, ciwo ɗaya ne. Kwamfuta da lambobi take ajiye haruffa, kowace lamba ana ce mata bayit; a tsarin UTF-8 harafin ƙ bayit biyu ne, C6 da 99. Duk abin da ya karanta su da tsohon tsarin latin1 zai ɗauki kowane bayit harafi ne mai zaman kansa: C6 ya zama Æ, 99 ya zama ™. Haka ɗ, bayit ɗinsa C9 da 97 ne, su ke ba ka É—. Ke nan a tsofaffin layuka haruffanka na nan da ransu, karatun ne ya karkace. Alamar tambaya kuwa harafin ya riga ya tafi. An miƙa wa tebur harafin da ba ya cikin tsarinsa, ya jefar da shi ya ajiye ? a gurbinsa.

Zatona teburinka latin1 ne tun a XAMPP. A can hanyar da PHP ke magana da rumbu ita ma latin1 ce, saboda haka MySQL ba ya fassara komai: abin da ka zuba shi yake maido maka, burauza ta karanta da UTF-8, kai kuma ka ga daidai. Kurakurai biyu ne sunka rufa wa juna asiri. A sabon masauki hanyar ta zama utf8mb4, sai MySQL ya fara fassara tsakanin tebur da hanya, asirin ya tonu ta ɓangarori biyu. Layin meta ɗin da ka sa ba laifinsa ba ne, shi da burauza kawai yake magana, ba ruwansa da rumbu.

Kada ka yarda da zatona, ka duba. A phpMyAdmin ka buga waɗanga, ka sa sunan teburinka da na gurabenka:

`SHOW CREATE TABLE rubutu;`

`SELECT id, take, HEX(take) FROM rubutu WHERE id = 1;`

Ka zaɓi layin da ka san akwai ƙ a ciki. In tebur ya nuna latin1 kuma ka ga C699 cikin lambobin, zatona ya tabbata. Maganin shi ne ka bi da gurbin ta hanyar ɗanyen bayit, inda MySQL zai manta da tsohon tsarin ba tare da ya sauya ko bayit ɗaya ba, sannan ka laƙaba masa sabo:

`ALTER TABLE rubutu MODIFY jiki BLOB;`

`ALTER TABLE rubutu MODIFY jiki TEXT CHARACTER SET utf8mb4;`

Gurbin da yake VARCHAR(200) ta VARBINARY(200) za ka bi da shi, MEDIUMTEXT kuma ta MEDIUMBLOB, kada ka tura babba cikin ƙarami ya yanke. In akwai NOT NULL a gurbin ka maimaita shi a umarnin, in ba haka ba zai faɗi. Bayan ka gama da duk guraben rubutu, ka rufe da `ALTER TABLE rubutu DEFAULT CHARACTER SET utf8mb4;` don guraben da za ka ƙara nan gaba.

Tarko biyu. Na ɗaya, za ka ci karo da masu cewa ka yi `CONVERT TO CHARACTER SET utf8mb4`. A halinka wanga kada ka yi. Shi fassara yake yi, zai ɗauki Æ™ da gaske haruffa biyu ne ya tabbatar da su. Na biyu, kafin ka fara, ka kwashe layukan da ka shigar bayan ɗorawa ka goge su daga tebur. Dalili: in akwai lanƙwasasshen ɗigon sama irin na ’yan a cikinsu, an ajiye shi bayit ɗaya, 92, wanda ba halattacce ba ne a UTF-8, umarni na biyu zai ƙi tafiya ko ya datse rubutun daga nan. Dama su sai an sake buga su da hannu, tunda 3F, lambar alamar tambaya, ba ta san ƙ ce ta mutu a wurin ko ɗ ba.

In kuwa tebur ya nuna utf8 kuma ka ga C386E284A2, to an riga an fassara sau biyu, maganin daban ne:

`UPDATE rubutu SET jiki = CONVERT(CAST(CONVERT(jiki USING latin1) AS BINARY) USING utf8mb4) WHERE id <= 80;`

Lamba 80 misali ce, ka sa ta layi na ƙarshe da ya dagule. In ya taɓa lafiyayyen layi, ƙ ɗinsa za ta koma ?.

Daga ƙarshe, kada ka sake barin hanyar ga zaɓin masauki. Bayan buɗe rumbu kai tsaye ka sa `$db->set_charset('utf8mb4');` in mysqli ne, in PDO ne ka ƙara `charset=utf8mb4` cikin layin haɗawa. Haruffanmu bayit biyu-biyu ne, tsohon utf8 na MySQL mai bayit uku shina ɗaukarsu, amma ranar da wani ya sa maka fuskar murmushi a sharhi, ita bayit huɗu ce.

'Yar Arkilla:

Malam ya gama da rumbu. Ɗan'uwa, matsalarka ta biyu ba ta da alaƙa da shi, ta font ce.

Idan font ɗin da ka zaɓa ba shi da wani harafi, burauza ba ta tsayawa, aro take yi daga wani font da ke cikin wayar. Shi ya sa harafin ke fitowa amma da wata kama. In babu inda za ta ara, sai ka ga ɗan akwati fanko. Abin da ya sa ɗ da ɓ suka fi shan wannan wahala shi ne ba unguwarsu ɗaya da sauran ba a jadawalin Unicode. Ƙ, ƙ, Ɗ, Ɓ, Ƴ da ƴ duk suna cikin rukunin da ya tashi daga 0180 zuwa 024F. Ƙaramar ɓ kuwa 0253 ce, ƙaramar ɗ 0257, suna rukuni na gaba, na haruffan masana furuci. Mai zana font da ya tsaya a 024F ya bar su a waje. Don haka kada ka gwada font da ƙ kaɗai ka ce ya ci. Ka gwada da jimlar da ta haɗa su duka, manya da ƙanana, a siriri da kauri da karkatacce, domin kowanne fayil ne daban: Ƙanin Ɗahiru ya ɓoye ƙwaryar ɗanwake, Ɓaidu ya ɗauke, Ƴan'uwa suka ba ƴarsa.

Noto Sans na da su duka, haka Andika da Charis na ƙungiyar harsuna ta SIL, haka DejaVu Sans. Sai dai cikakken fayil ɗinsu na ɗauke da dubban haruffan da ba ka buƙata, kai kuma da kukan nauyi ka zo. Ka yanko naka. Da Python:

`pip install fonttools brotli`

`pyftsubset NotoSans-Regular.ttf --unicodes="U+0020-007E,U+0181,U+018A,U+0198,U+0199,U+01B3,U+01B4,U+0253,U+0257,U+02BC,U+2018,U+2019,U+201C,U+201D,U+20A6" --flavor=woff2 --output-file=noto-ha.woff2`

Lambar ƙarshe, 20A6, alamar ₦ ce. Shafin farashi ba ya yi sai da ita, kuma ita ce aka fi mantawa. Ka maimaita ga fayil mai kauri. Biyun nan sun isa. Ka ajiye su a masaukinka, ka kira su da `@font-face`, ka sa `font-display: swap;` don rubutu ya bayyana tun kafin font ya gama sauka. Ka kuma sa `<html lang="ha">`.

Ban cire ƴ ba ko da yake mu nan 'y muke rubutawa. Kana da masu karatu a Illela, tsallake ɗaya ne zuwa Konni, kuma a Nijar ƴ ake rubutawa.

In wata rana za ka sa ajami, wanda a garin nan ba abin mamaki ba ne, ka naɗe shi cikin `<span lang="ha-Arab" dir="rtl">` ka ba shi Harmattan ko Alkalami, su ma na SIL, an zana su ne a kan salon rubutun Afirka ta Yamma. Ka kira su a shafukan da ke da ajamin kaɗai.

Ɗan Mabera:

Allah Ya saka da alheri, Malam. Latin1 ne da C699, kamar yadda ka faɗa. Na bi ta BLOB, tsofaffin sun dawo. Yaya, font ma ya daidaita, na gode. Saura ƙanana huɗu: taƙaitaccen labari a shafin farko wani lokaci yana ƙarewa da �, in an nemi "kasa" ba ya kawo "ƙasa", kanun da ya fara da 'yan kasuwa ba ya shiga rumbu sam, kuma adireshin da nake turawa a WhatsApp cike yake da %C6%99.

Na Gawon Nama:

Abokina, bari in fara da na uku, don shi ba ƙarami ba ne. In 'yan kasuwa na hana rubutu shiga, to kana liƙa abin da aka buga kai tsaye cikin umarnin SQL, ɗigon saman ya rufe maganar kafin lokacinta. Ƙofar da 'yan ya bi ya karya maka umarni, ita ɓarawo zai bi ya karanta ko ya goge teburinka, musamman ta akwatin bincike da kowa ke iya bugawa. Ka gyara yau:

`$s = $db->prepare('INSERT INTO rubutu (take, jiki) VALUES (?, ?)');`

`$s->bind_param('ss', $take, $jiki);`

`$s->execute();`

Haka za ka yi wa kowane umarni da ke karɓar abu daga waje, har lambar da ke cikin adireshi. Wajen nunawa kuma ka bi da rubutun ta `htmlspecialchars($take, ENT_QUOTES, 'UTF-8')`.

Alamar � daga `substr` take. Shi bayit yake ƙirgawa, ba harafi ba. In ka ce ya yanke a 150 kuma wuƙar ta faɗa tsakiyar ƙ, rabinta ya rage, C6 ba 99, burauza ta rasa yadda za ta karanta. Shi ya sa ba kullum yake faruwa ba. Ka koma `mb_substr($jiki, 0, 150, 'UTF-8')`. Danginsa ma haka: `strlen` ya koma `mb_strlen`, `strtolower` ya koma `mb_strtolower`, domin na farkon ba ya mayar da Ƙ ƙarama.

Bincike. Ga MySQL k da ƙ haruffa ne daban, kuma gaskiyarsa, kafa ba ƙafa ba ce. Amma mafi yawan masu karatunka ba sa danne k a waya su jira ƙugiya ta fito. Dabarar da Turawa ke yi ta warware harafi a zubar da alamar kansa, wadda ke mayar da é ta zama e, ba ta aiki a nan, saboda ƙugiyar ba ɗori ba ce, jikin harafin ce. Da hannu za ka yi:

`function lallasa($s) { return strtr(mb_strtolower($s, 'UTF-8'), ['ƙ'=>'k', 'ɗ'=>'d', 'ɓ'=>'b', 'ƴ'=>'y', "'"=>'', '’'=>'', '‘'=>'', 'ʼ'=>'']); }`

Lura da cewa jeri na ba `strtr`. In ka ba shi `'ƙɗɓ'` da `'kdb'` a matsayin zare biyu, bayit-bayit zai musanya ya lalata rubutun. Ka ƙara gurbi mai suna `bincike`, duk lokacin ajiya ka zuba lallasasshen take da jiki a ciki, abin da mai nema ya buga shi ma ka lallasa kafin ka gwama. Da haka 'ya'ya, ’ya’ya, ƴaƴa da yaya duk za su haɗu. Ainihin rubutun da ake karantawa kada ka taɓa shi.

Adireshi ma wannan aikin zai yi maka. Ka lallasa take, ka mayar da duk abin da ba harafi ko lamba ba ya zama karan tsakiya, ka sa lambar layin a gaba: `/214-farashin-albasa-ya-fadi`. Lambar ce za ta raba maka fadi da faɗi in sun yi karo. Kuma da lambar za ka riƙa nemo rubutun, don in ka gyara kanu tsohon adireshin da ya riga ya zaga WhatsApp kada ya mutu.

Na Ƙofar Rini:

Ba wanda ya taɓa batun nauyi. Kafin gyara sai awo. Ka buɗe shafin a Chrome na kwamfuta, ka danna F12, ka shiga Network, ka kashe ma'ajiyar burauza, ka zaɓi 3G a wurin rage gudu, ka sake loda shafin. A ƙasa za ka ga jimillar abin da ya sauka. Ka jera su bisa girma. Kusan kullum hotuna ne a sama, domin hoton waya yadda ya fito yakan kai megabait uku ko fiye, faɗinsa dubban ɗigo, alhali allon mai karatu ƙarami ne. Goma irinsu a shafin farko, ka ga inda datar mutanen Wurno ke tafiya.

Ka rage girmansu da manhajar sarrafa hoto ta ImageMagick:

`magick buhu.jpg -auto-orient -resize 900x -strip -quality 70 buhu.webp`

Tsarin kalmomin na da muhimmanci. Waya ba ta juya hoto, alama take sawa a ciki cewa a juya shi. `-strip` na goge wannan alama tare da lambobin wurin da aka ɗauki hoton, wanda gara a goge in a gida aka ɗauka. In ka goge kafin `-auto-orient`, buhun albasarka zai fito a kwance. Ga shafin farko ka yi ƙananan kwafi masu faɗin 320. Kowane `<img>` ka ba shi `width` da `height` don rubutu kada ya riƙa tsalle ana karatu, waɗanda ke ƙasa kuma ka sa musu `loading="lazy"`. Ka sa wa kanka iyaka: shafin farko kada ya wuce kilobait 300 gaba ɗaya. In ka jawo Bootstrap da jQuery don maɓalli ɗaya, ka sauke su. Tebur ɗin farashi CSS na layi hamsin ya ishe shi.

Don hoto ya fito a WhatsApp, ka sa `og:title` da `og:description` da `og:image` a kan shafi, adireshin hoton cikakke tun daga https, kuma shi wannan ka bar shi JPEG mara nauyi.

A ganina ma shafi irin wannan bai buƙatar PHP. Hugo, manhajar gina shafi, zai karɓi rubutunka na Markdown ya fitar da HTML zalla a folda mai suna `public`, ka ɗora a GitHub Pages kyauta, ba rumbu balle latin1. Iyakarsu gigabait 1 ga shafi, ba za ka kusance ta ba. Kuɗin da za ka kashe na suna ne kawai, .com.ng daga dillalan da NiRA, hukumar sunayen .ng, ta amince da su, da naira, shekara-shekara. Har a waya yana yiwuwa: Termux, manhajar buga umarni a Android, daga kantin manhajoji na F-Droid, sai `pkg install git hugo`, `hugo server` ya buɗe maka a localhost:1313 ba tare da data ba. Abu biyu ke kayar da mutane: `baseURL` da bai dace da adireshin gaske ba, shafi ya fito tsirara ba CSS, da kuma GitHub da ya daina karɓar kalmar sirri wajen turawa tun Agustan 2021, sai da makullin SSH ko token na shiga.

Malamin Runjin Sambo:

Maganar hotuna daidai take, ƙanena ka bi ta yadda anka faɗa. Ta Hugo kuwa, ga mai rubuta maƙala shi kaɗai sau ɗaya a mako na yarda. Amma wanga shafi farashi ne. Farashi na sauyawa ran kasuwa, kuma in abin ya bunƙasa wani ne zai shigar daga Achida, wani daga Illela, a tsaye cikin rana da ƙaramar waya. Ba za ka ce su koyi git ba. Fom suke buƙata mai gurabe huɗu: kasuwa, kaya, ma'auni, kuɗi. Ma'aunin ka sa shi zaɓi ne, buhu ko tiya ko kwando, kada a buga da hannu, in ba haka ba ba za ka iya gwama farashin wannan mako da na makon jiya ba. Kuɗin kuma ka ajiye shi lamba zalla, 45000, alamar ₦ da waƙafi wajen nunawa za ka ƙara su da `number_format`.

Saurin da ake nema daga Hugo kana iya samunsa inda kake. A saman `index.php` ka duba ko akwai fayil `ajiya/farko.html`. In akwai, `readfile` ka fita, ba ka ko buɗe rumbu ba. In babu, ka fara da `ob_start()`, ka gina shafin yadda ka saba, ka karɓe shi da `ob_get_contents()`, ka rubuta da `file_put_contents` tare da `LOCK_EX` don mutum biyu kada su rubuta lokaci guda. Inda ake ajiye sabon farashi ko gyara tsoho, ka sa `unlink` ya goge fayil ɗin, baƙo na gaba ya sa a gina sabo. In ka manta da gogewar a shafin gyara, za ka sauya farashin gero a rumbu mutane na ta ganin na makon jiya. Folda `ajiya` ka ba ta izini 755, kada ka kai ta 777, kuma kada shafin da mai shigar da farashi ke gani bayan ya shiga da kalmar sirri ya faɗa cikinta.